Sayar da Gidan da 'Yan Haya ke Ciki

A manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, inda haya ta zama hanyar samun muhalli ga ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa da sababbin ma'aurata, gidaje da yawa kan shiga kasuwa alhali akwai mutane a cikinsu waɗanda suka biya kuɗi suna zaune. Wani lokaci rabon gado ne ke kawo hakan, domin idan magada suka yi yawa kuma gida ɗaya ba zai tsagu a tsakaninsu ba, sai a yi masa kuɗi a sayar a raba. Wani lokaci kuma bashi ne ya taso wa mai gidan, ko jarinsa ya karye, ko ya ƙaura zuwa wani gari ya gaji da bin kuɗin haya daga nesa. Ko mene ne dalilin, cinikin yakan haɗa mutum uku maimakon biyu, kuma na ukun, wato ɗan haya, shi ne wanda ba a nemi shawararsa ba amma cinikin ya fi taɓa rayuwarsa. Abin da jama'a da dama suka ɗauka shi ne da zarar mai gida ya ce ya sallama, mai saye ya biya, to hayar ta mutu, ɗan haya ya zama baƙo wanda za a iya ce wa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata. Wannan fahimta ba ta da madogara a fiƙihun Malikiyya, haka nan ba ta da madogara a dokokin da kotunan Nijeriya ke aiki da su.

Tushen maganar shi ne cewa gida yana ɗauke da haƙƙi iri biyu waɗanda za a iya raba su. Akwai mallakar gidan kansa, wato ginin da haƙƙin riƙe filin, akwai kuma amfanin gidan, wato zama a cikinsa da rufe ƙofarsa da hana wani shiga, wanda malaman fiƙihu ke kira manfa'a. Mutumin da ya ba da gidansa haya na shekara guda ya riga ya sayar da amfanin wannan shekarar ga ɗan haya, ya karɓi kuɗinsa, saboda haka abin da ya saura a hannunsa shi ne mallakar gidan da kuma amfaninsa na bayan ƙarewar wa'adin. Tun da yake mutum ba ya sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa, wanda ya sayi gidan a tsakiyar shekara ya sayi mallakar ne tare da hayar da ke kanta, kamar wanda ya sayi gona bayan mai aro ya yi shuka da izinin mai ita, wanda dole ya jira kaka kafin ya sa garmarsa.

Mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa sayar da gidan da ke hannun ɗan haya ya inganta kuma ba ya warware hayar, kuma wannan shi ne abin da Malikawa da Hambalawa suke kai, da mafi ƙarfin zance a wajen Shafi'awa, yayin da Hanafawa suka ɗaure zartar da cinikin a kan yardar ɗan haya ko ƙarewar wa'adinsa. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalai da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna komawa gare shi, an halatta sayar da gida a kan cewa mai saye zai karɓe shi bayan shekara guda, fili kuma har bayan shekara goma, kuma hikimar bambancin ita ce gini yana canjawa da tsawon lokaci fiye da yadda ƙasa ke canjawa, ta yadda dogon jira zai sa mai saye ya kasa sanin halin da zai tarar da abin da ya biya. Malamai sun kuma bai wa mai saye zaɓi idan an ɓoye masa cewa gidan yana hannun ɗan haya: ko ya haƙura ya jira, ko ya fasa cinikin a mayar masa da kuɗinsa. Wannan zaɓi yana tsakaninsa da wanda ya sayar masa ne, bai ba shi ikon tayar da ɗan haya ba. Haka kuma a wajen Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad rasuwar mai gida ba ta kashe haya, abin da ke nufin cewa magadan da suka gaji gida sun gaje shi da alkawarin da mamacin ya ƙulla, kuma idan suka sayar, sun sayar da shi a kan wannan hali.

Dokar zamani ta bi hanya daban amma ta isa wuri ɗaya. A tsarin shari'ar da Nijeriya ta gada daga Ingila, mai saye yana maye gurbin tsohon mai gida a cikin yarjejeniyar haya, ya ɗauki haƙƙoƙinsa na karɓar kuɗi da kuma nauyin da ke kansa, ba tare da ikon canja sharuɗɗan da aka riga aka amince da su ba kafin wa'adi ya cika. Akwai kuma wata ƙa'ida mai muhimmanci wadda ta ce ganin mutum zaune a cikin gida ya isa ya zama sanarwa ga mai saye, ma'ana idan mai saye ya ga tabarma a tsakar gida da shanya a kan igiya da yara suna wasa a zaure, amma bai tambayi matsayin mazaunan ba, kotu za ta ɗauke shi a matsayin wanda ya san duk haƙƙin da suke da shi. Saboda haka cewar da dillali kan yi wai mutanen ciki 'yan uwa ne da za su tashi ko yaushe aka buƙata ba hujja ba ce da za a kai gaban alƙali, kuma mai saye mai hankali yakan nemi ganin rasit na biyan kuɗin haya na ƙarshe da takardar yarjejeniya, ya kuma ji ta bakin ɗan hayan da kansa kafin ya ba da kafin alƙalami. Ba Nijeriya kaɗai ke kan cewa ciniki ba ya kashe haya ba, domin sashe na 566 na kundin dokokin farar hula na Jamus ya tanadi cewa saye ba ya karya haya, kuma sashe na 1743 na kundin Faransa ya hana mai saye korar ɗan hayan da ke da takarda mai tabbataccen kwanan wata.

Wannan ba ya nufin cewa mai saye ba zai taɓa samun gidansa ba, sai dai zai same shi ne ta hanyar da tsohon mai gidan zai bi da a ce shi ne ke son karɓe shi. Hanyar ta dogara da irin hayar. Idan an rubuta cewa hayar ta wani ƙayyadadden lokaci ce, misali shekara biyu daga rana kaza zuwa rana kaza, to tana ƙarewa da kanta ranar da wa'adin ya cika. Idan kuwa haya ce mai sabunta kanta, wadda ake biya wata-wata ko shekara-shekara ba tare da an yanke ranar ƙarshe ba, wadda kuma ita ce ta fi yawa a unguwanni, to sai an ba da notis, wato rubutacciyar sanarwar kawo ƙarshen haya. Dokar karɓe gidaje da ke aiki a Abuja ta tanadi cewa, matuƙar ɓangarorin biyu ba su yi wata yarjejeniya ta daban ba, mai biya mako-mako ana ba shi mako guda, mai biya wata-wata ana ba shi wata guda, mai biya duk wata uku ana ba shi wata uku, mai biya shekara-shekara kuma ana ba shi wata shida, kuma dokokin jihohi da dama suna da tanadi makamancin wannan duk da cewa kowace jiha tana da tata. Bayan notis ya ƙare, ko wa'adin da aka ƙayyade ya cika, idan ɗan haya bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu, sannan a shigar da ƙara a kotun da dokar wurin ta bai wa hurumi. A shekarar 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna cewa kuskuren da aka samu a cikin notis ba zai zama mafakar da ɗan haya zai laɓe a bayanta shekara da shekaru ba tun da shigar da ƙarar kanta ta sanar da shi abin da ake nema, amma wannan hukunci bai soke buƙatar zuwa kotu ba, kuma lauyoyi masu taka-tsantsan har yanzu suna ba da takardun nan biyu yadda doka ta tsara.

Abin da doka ta fi tsananta a kansa shi ne mutum ya ɗauki hukunci da hannunsa. Salon da aka saba gani sananne ne: a kwance kwanon rufin ɗaki da sunan gyara ana dab da damina, a cire ƙyaure, a yanke wayar wuta, a jibge tifar yashi a bakin ƙofa, ko a turo matasa su watso kaya waje. Tun a shekarar 1986 Kotun Ƙoli, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, ta tabbatar da cewa mai gidan da ya kutsa wa wanda ke zaune bisa ƙa'ida ba tare da umarnin kotu ba ya yi keta haddi kuma zai biya diyya, ko da kuwa gidan nasa ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta shekarar 2011 ta mayar da irin wannan aiki laifi mai ɗauke da tara ko ɗaurin da ya kai wata shida. Kai wa 'yan sanda maganar ma ba hanya ba ce, domin dokar 'yan sanda ta shekarar 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da ɗan haya, su ma sai da umarnin alƙali a hannunsu. A ɗaya ɓangaren, ɗan hayan da ya ci gaba da zama bayan hayarsa ta ƙare bisa ƙa'ida ba zaman kyauta yake yi ba, domin kotu na iya sa shi ya biya kuɗin kowane watan da ya ƙara har ranar da ya miƙa makulli.

Mafi yawan rigimar da ke biyo bayan irin wannan ciniki ba a kan doka take ba, a kan lissafin kuɗi take, kuma al'adar biyan hayar shekara guda ko biyu gaba ɗaya ita ce ke ƙara mata nauyi. A ƙaddara cewa ɗan haya ya biya naira 1,200,000 a farkon Janairu domin shekara guda, aka kammala sayar da gidan a ƙarshen Afrilu. Tsohon mai gida ya mallaki gidan na wata huɗu ne kawai a cikin shekarar, amma kuɗin wata goma sha biyu na aljihunsa, saboda haka akwai naira 800,000 na wata takwas da ya kamata a san makomarsu. Ɗan haya ba za a ce ya sake biya ba, tun da ya biya wanda ke da ikon karɓa a lokacin da yarjejeniya ta ce ya biya. Ko dai a cire wannan kuɗi daga farashin gidan, ko mai sayarwa ya miƙa su ga mai saye ranar biyan ƙarshe, ko kuma a fito fili a ce an riga an yi la'akari da su wajen yanke farashi. Malaman fiƙihu ma sun saɓa a kan wanda ya cancanci kuɗin sauran wa'adin idan ba a ambata ba, wanda hakan kaɗai ya isa dalilin rubuta shi a takardar ciniki a gaban shaidu. Haka batun yake ga kuɗin ajiya da ake karɓa a hannun ɗan haya saboda ɓarnar da ka iya aukuwa, domin idan ba a miƙa su ga sabon mai gida ba, ranar tashi ɗan haya zai rasa wanda zai tambaya. Bashin haya da ya taru kafin ciniki kuwa na tsohon mai gida ne, sai fa idan ya sallama shi ga mai saye a rubuce. Akwai kuma bashin wuta da na ruwa, wanda ake yawan mantawa da shi, alhali kamfanin rarraba wutar lantarki yakan bi lambar gidan ne ba tare da damuwa da wanda ya sha wutar ba, ta yadda mai saye kan wayi gari ana cire masa tsohon bashi duk lokacin da ya sayi katin mita.

Nuna gida ga masu saye shi ma wuri ne da ake samun saɓani, kuma a ƙasar Hausa ya fi tsanani saboda matsayin cikin gida. Ɗan haya yana da haƙƙin zama cikin kwanciyar hankali har ƙarshen wa'adinsa, kuma mallakar gida ba ta bai wa mai gida ikon shiga duk lokacin da ya ga dama ba, balle dillalin da ke neman la'adarsa. Inda matan aure ke zaune, zuwan maza uku ko huɗu da rana tsaka, lokacin da maigidan ke kasuwa ko ofis, suna leƙa ɗakuna suna ƙwanƙwasa bango suna auna tsakar gida da taku, abu ne da ke ɓata zumunci nan take, kuma ɗan hayan da aka yi wa haka ba zai rasa hanyar ramawa ba, ko da ta gaya wa kowane mai saye cewa soron na yoyo kuma rijiyar na ƙafewa da bazara. Hanyar da ta fi dacewa da maslahar mai sayarwa ita ce ya sanar da ɗan haya da bakinsa kafin labari ya iso masa daga majalisar unguwa, a tsayar da rana da lokaci na duba gida, a kuma taƙaita shiga ga waɗanda suka nuna da gaske suke.

A al'ada ana ganin kyautatawa ce a fara yi wa ɗan haya tayin gidan kafin a kai shi kasuwa, amma wannan ba wajibi ba ne a dokar Nijeriya sai idan an rubuta shi a cikin yarjejeniyar haya. Wasu kan kawo batun shufu'a, wato haƙƙin karɓar abin da aka sayar a kan farashin da aka sayar da shi, sai dai a mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a cikin kadarar da ba a raba ba, kamar magajin da ɗan uwansa ya sayar da kasonsa ga bare, bai shafi maƙwabci ba balle ɗan haya. A Faransa dokar 6 ga Yulin 1989 ta wajabta wa mai gidan da ke son sallamar ɗan haya domin ya sayar da gida fanko ya ba shi sanarwar wata shida kafin ƙarshen wa'adi, kuma sanarwar kanta tayi ce gare shi na sayen gidan. A Nijeriya an ga irin wannan fifiko a aikace lokacin da gwamnatin tarayya ta fara sayar da gidajenta na Abuja a shekarar 2005, inda aka fara bai wa ma'aikatan da ke zaune a ciki damar saye. Ko babu tilas, tayin yana da amfani ga mai sayarwa, domin ɗan haya ya san gidan ciki da bai, ba ya buƙatar dillali, kuma matsalar tashi ba ta taso ba.

Zaman ɗan haya yana taɓa farashi ta fuska biyu. Wanda ke neman gidan da zai sa iyalinsa, ko mai son rushewa ya gina shaguna, yana ganin ɗan haya a matsayin jinkiri, saboda haka zai rage tayinsa ko ya sa sharaɗin ba zai cika kuɗi ba sai an miƙa masa gida fanko. Wanda kuwa ke neman inda zai adana dukiyarsa yana iya ganin ɗan haya mai biya a kan kari a matsayin riba, tun da gidan zai ci gaba da kawo kuɗi daga ranar farko. Kuskuren da masu sayarwa suka fi yi shi ne ɗaukar alkawarin miƙa gida fanko a cikin wata ɗaya ko biyu alhali ɗan hayan na shekara ne kuma ba a ba shi notis ba, wanda hakan kan bar su tsakanin mai saye da ke barazanar fasawa da ɗan haya da doka ke bayansa. Idan ana gaggawa, hanyar da ta halatta ita ce sulhu: a mayar wa ɗan haya da kuɗin watannin da suka rage, a ƙara masa abin da zai biya dillalin sabon gida da motar kwashe kaya, a rubuta ranar tashi, kowa ya sa hannu. Sau da yawa wannan ya fi arha a kan kuɗin lauya da watannin da shari'a ke ci.

Lamarin shago ya fi na gidan kwana wuya, domin ɗan kasuwar da ya shekara goma a wuri ɗaya ba ɗaki kaɗai zai rasa ba, har da masu sayen da suka san ƙofarsa. A Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda ke cikin ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci, dokar da aka sabunta a shekarar 2010 ta fayyace cewa hayar wurin sana'a ba ta ƙarewa don mai wurin ya canja, kuma ɗan hayan da ya yi aƙalla shekara biyu yana sana'arsa bisa sharuɗɗa yana da haƙƙin a sabunta masa, idan kuma aka ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba sai a biya shi diyyar tashi. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram yana da wannan kariya, amma takwaransa na Kano ba shi da irinta sai abin da ya rubuta a yarjejeniyarsa.

Saura batun lokacin da ɗan haya zai fara ɗaukar mai saye a matsayin mai gidansa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978, wanda ke riƙe da fili a birni ba ya miƙa haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a shekarar 1989. Neman amincewar da rajistar takardu a hukumomi irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja yakan ɗauki lokaci, kuma a unguwanni da yawa ciniki kan tsaya ne a takardar da shaidu da mai unguwa suka sa wa hannu. A wannan tsakani ɗan haya na iya samun kansa da mutum biyu kowa na cewa shi za a biya, musamman a gidan gado inda wani magaji bai amince da cinikin ba. Abin da ke kare shi shi ne rubutacciyar wasiƙa daga tsohon mai gida, ko daga wakilin magada da aka amince da shi, wadda ta ambaci sunan sabon mai gida da ranar da haƙƙin karɓar haya ya koma gare shi da adadin kuɗin da aka riga aka biya. Kafin wannan wasiƙa ta iso, biyan da ya yi wa tsohon mai gida ba tare da sanin ciniki ba yana sauke masa nauyi, bayan ta iso kuwa duk abin da ya biya wani ba sabon mai gida ba yana iya zama asara a kansa.